Kitsen jini da yaƙin ɓoye a cikin jijiyoyinmu

Daga Kasuwar Sabon Gari har bakin ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, da la'asar ta yi kasko ke hawa wuta: awara, ƙosai, dankali, kifi. Sau tari man jiya ake ƙara wa sabo, a yi ta suya har ya yi baƙi. Ga tsire mai kitse, ga zama wuri guda, ga babur ko don tafiyar da ƙafa za ta iya. Wannan rayuwa tana da farashi, kuma jijiyoyin jini ne ke biya.

Jiki na buƙatar kolestorol, wato kitsen jini, hanta ce ma ke sarrafa mafi yawansa. Matsalar tana farawa ne idan nau'in da likitoci ke kira LDL ya yi yawa. Sai ya kutsa cikin bangon jijiya ya maƙale, ya gurɓace. Garkuwar jiki ta ɗauke shi a matsayin maƙiyi, ta turo fararen ƙwayoyin jini su haɗiye shi. Su ci har su cika su mutu a wurin, wasu su biyo baya. Haka kumburi ke ci shekara da shekaru, babu zafi, babu zazzaɓi. Ranar da tarin ya fashe, jini ya daskare a kansa ya toshe hanya: in a zuciya ne bugun zuciya, in a ƙwaƙwalwa ne shanyewar ɓarin jiki.

A 2017 wani gwaji da Farfesa Paul Ridker na Amurka ya jagoranta, kan mutane fiye da 10,000 da suka taɓa samun bugun zuciya, ya nuna cewa maganin da ke kwantar da kumburi kaɗai ya rage maimaituwar cutar da kusan kashi 15 cikin 100, alhali bai rage kitsen jininsu ba.

Abin tsoron shi ne siriri ma bai tsira ba, kuma hawan jini, ciwon suga da taba suna ƙara rura wutar. Magidanci ya faɗi, dangi su ce jifa ne ko iska, a ɓata sa'o'in da suka fi tsada kafin a nufi asibitin koyarwa na jami'ar da ke Shika.

Duk wanda ya kai shekara 40 ya je a auna masa kitsen jini, hawan jini da suga. A rage kitsen nama da soye-soye, a yawaita wake, gero, zogale da tattaki. Wanda likita ya ɗora a kan magani kada ya daina don ya ji garau, domin wannan cuta ba ta sallama kafin ta kayar da mutum.