Tseren Motoci na Suwidin: Gasar da Ke Bin Sawun Ƙanƙara Zuwa Arewa

A duk watan Fabrairu, lokacin da sanyin hunturu ya kankama a arewacin Turai, gwanayen tuƙi na duniya kan hallara a ƙasar Suwidin domin tseren motoci a kan hanyoyin daji da dusar ƙanƙara ta lulluɓe. Wannan tsere yana cikin jerin gasar cin kofin duniya tun da aka kafa ta a 1973, kuma shekara da shekaru shi kaɗai ne a jerin ake sa ran yi a kan ƙanƙara daga farko har ƙarshe. To amma a 'yan shekarun nan, abin da ya fi damun masu shirya shi shi ne ko ƙanƙarar ma za ta samu.

An fara tseren ne a 1950 a lokacin zafi, sai a 1965 aka mai da shi na hunturu, aka kafa masa cibiya a birnin Karlstad na lardin Varmland. Motocin ba sa tashi tare. Ana sakinsu ɗaya bayan ɗaya, ana auna lokacin da kowace ta ɗauka a kowane zango, yayin da mataimakin direba ke karanta masa yanayin hanyar da ke gaba. Kowace taya tana ɗauke da ƙusoshi 384 da ke cizon daskararriyar ƙanƙara, abin da ya sa wannan tsere yake cikin waɗanda aka fi sharara gudu a duk shekara. Ƙwararrun direbobi har jingina motarsu suke yi da tudun dusar da ke gefen hanya in za su sha kwana.

Wannan fasaha ta daɗe a hannun 'yan gida. Sai a 1981 ne wani wanda ba ɗan Suwidin ba ya ci gasar, wato Hannu Mikkola na Finland, kuma sai a 2004 ne wani daga wajen ƙasashen arewacin Turai ya yi nasara, wato Sebastien Loeb na Faransa. Stig Blomqvist, ɗan ƙasar, ya lashe ta har sau 7.

To sai dai duk wannan bajinta ta dogara ne a kan sanyi. Idan ƙasa ba ta daskare ba, tsakuwa kan fito fili ta tuge ƙusoshin tayoyin, direba ya shiga sauran wuraren da ke da santsi ba tare da abin riƙe hanya ba. Haka kuma motocin kan farfasa hanyoyin dajin da masu sana'ar katako da mazauna karkara ke bi, a bar masu shirya gasar da nauyin gyara.

A 1990 ɗumin yanayi ya sa aka soke tseren ɗungurungum. A wancan lokaci ana iya ɗaukar abin a matsayin tsautsayi na shekara guda. Amma a 2016 sai da aka soke zanguna da dama saboda narkewar ƙanƙara, sa'an nan a 2020 aka yanke wajen rabin hanyar, aka yi yawancin abin da ya rage a kan tsakuwa. Elfyn Evans na Birtaniya ne ya yi nasara a waccan shekara, kuma daga ita ba a sake yin tseren a Varmland ba. A 2021 annobar korona ta hana a yi shi, aka maye gurbinsa da wani a garin Rovaniemi na arewacin Finland, inda duniya ta ga irin ƙanƙarar da aka daɗe ana nema. Hausawa na cewa in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. A 2022 aka kwashe ya-nasu-ya-nasu aka koma birnin Umea, mai nisan kilomita 600 da wani abu arewa da Stockholm, inda Kalle Rovanpera na Finland ya yi nasara.

Wannan ƙaura ta ceci gasar, amma ba a yi ta kyauta ba. Lardin Varmland ya yi asarar baƙin da suka saba cika masaukai da gidajen abinci a tsakiyar hunturu, ciki har da ɗimbin 'yan kallo da ke tsallakowa daga Norwe. An kuma bar shahararren tudun nan da aka raɗa wa sunan marigayi Colin McRae, inda a 2016 wata mota ta yi tsalle na mita 45. A sabon wurin kuma an iske masu wuri. Yankin makiyaya ne na ƙabilar Sami, masu kiwon wata dabba mai kama da gwanki da ake kira rendiya, kuma tun a shekarar farko sai da aka soke zanguna 2 domin garkunan sun shigo kusa da hanyar.

Babban abin tambaya shi ne, har yaushe arewa za ta ci gaba da zama mafaka? Wani bincike da masana na cibiyar nazarin yanayi ta Finland suka wallafa a 2022 ya nuna cewa tun daga 1979, yankin ƙuryar arewacin duniya yana ɗumama kusan ninki 4 na yadda duniya baki ɗaya take yi. Ke nan inda aka gudu neman sanyi, nan ne kusa da inda sanyin ya fi saurin raguwa. Wasannin Olamfik na hunturu da aka yi a Beijing a 2022 sun dogara kusan kacokan a kan dusar da injuna suka samar. Amma abin da zai yiwu a gangaren dutse guda, da wuya ya yiwu a kan hanyar daji mai tsawon kilomita 300.

Su ma masu tafiyar da gasar sun san ana nuna musu yatsa, tunda hayaƙin motoci yana cikin abubuwan da ke ɗumama duniya. A 2022 manyan motocin gasar suka koma amfani da man da ba daga rijiyoyin fetur aka haƙo shi ba, aka kuma haɗa musu injin lantarki, ko da yake an cire shi a 2025 saboda tsada. Wannan mataki yana da amfaninsa, sai dai man da motocin tsere ƙalilan ke sha bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da na jiragen sama da manyan motocin da ke jigilar kaya da jama'a daga wannan ƙasa zuwa waccan.

Bisa ga dukkan alamu dai, Umea ta saya wa tseren lokaci, watakila ma mai tsawo. Amma daga can zuwa inda ƙasar Suwidin ta ƙare a arewa, 'yan ɗaruruwan kilomitoci ne suka rage, kuma duk sa'ad da aka ƙara gaba, garuruwa da masaukai da 'yan kallo sai ƙara ƙaranci suke yi. Idan har ranar sake ƙaura ta zo, masu shirya gasar za su tarar wuraren zuwa ba su kai yawan na 2021 ba.