Kafin a Kai Bishara Ƙauyukan Menonayit

Jama'a, ku dubi Kiristocin Menonayit 'yan gargajiya da suka fara tasowa daga Meziko zuwa yankin Santa Kurus na Bolibiya a 1967. Keken doki suke hawa, tayoyin taraktarsu ma na ƙarfe ne. Da tsohon Jamusanci ake karanta huɗuba a cocinsu, ba harshen da suke yi a gida ba, shi ya sa masu bishara daga waje ke samun masu saurare. Ni dai ina ganin wajibi ne mai wa'azi ya tanadar wa duk wanda ya bi shi matsuguni da abin yi tukuna. Domin da zarar dattawan cocinsu sun ware mutum saboda ya bi mai wa'azi, 'yan uwansa kan daina cin abinci da shi, a ƙaurace wa cinikinsa, gonar da yake nomawa kuwa galibi da sunan al'umma aka yi mata rajista.