Wa zai rubuta mana kakar 1990?

A gidajen kallon ƙwallo na Wudil akwai yaron da zai zayyano maka 'yan wasan Arsenal har da na benci. Tambaye shi wa ya ci gasar Najeriya a 1978, sai ya yi zuru. Raccah Rovers ce, ta nan Kano. To a wane littafin Hausa zai karanta?

Masu ce mana ƙwallo ba abin adabi ba ce, mun ƙi. A 1990 aka fara gasar ƙwararru a ƙasar nan, Iwuanyanwu Nationale ta Owerri ta ɗauki kofi, a shekarar kuma aka kafa Kano Pillars. Nawa ake biyan ɗan wasa? Me mahaifinsa ya ce ranar da ya mai da tamaula sana'a? Wannan bai fi labarin attajirin da ya dawo daga Dubai neman aure ba?

Mutanen Kanada har yau suna rubuta kakar farko ta gasarsu ta hokin ƙanƙara, wadda a 1918 filin Montreal Wanderers ya ƙone ƙungiyar ta watse. Namu, wasunsu suna raye, sun tsufa. Motar Kano tana tasha. Mu je mu naɗo muryarsu a waya.