Agogo Kaɗai Ba Ya Isa Shaida a Rumbun Bayanai

Wata al'ada ta yi katutu a tsakanin masu rubuta manhaja: idan suna son sanin ingancin tambayar da suka aika wa rumbun bayanai, sai su duba daƙiƙoƙin da ta ɗauka, su ce ta yi. Wannan cinikin biri a sama ne.

Dalili kuwa, lokaci ba ya tsayawa wuri ɗaya. PostgreSQL yana adana bayanai a shafuka masu kilobait 8. Tambayar da ta karanta shafi 100,000 ta motsa kusan megabait 800. Idan shafukan suna cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta, amsa ta zo nan take. Ranar da mutane suka yi yawa, aka koma ɗebo su daga faifai, tambayar nan ce za ta durƙusar da manhajar banki ko ta asibiti, jama'a na tsaye a layi. Agogon gwaji ba zai nuna wannan haɗari ba. Adadin shafukan ne ke nuna shi.

Abin takaicin shi ne, ma'aunin ya daɗe da samuwa. Tun 2010 PostgreSQL 9.0 ya zo da zaɓin BUFFERS, wanda ke bayyana shafi nawa aka samu a ƙwaƙwalwa, nawa aka nemo daga wajenta, nawa aka zuba a fayilolin wucin gadi saboda wurin aiki ya cika. Sai dai an bar shi a kashe, sai wanda ya san da shi. Shekara 15 aka yi a haka, kafin PostgreSQL 18 ya kunna shi kai tsaye a cikin EXPLAIN ANALYZE a 2025.

Masu ƙorafi na cewa ƙarin layukan suna cunkushe rahoto, suna rikita sabon shiga. Hujjar ba ta da ƙarfi. Sabon shigan shi ya fi buƙatar alƙaluman, domin bai san zai neme su ba, kuma duk ƙwararren da ya kai wa kuka, su zai fara tambaya.

Saboda haka duk shugaban sashen da aka kawo wa rahoton cewa an gyara tambaya ta yi sauri, kada ya sa hannu sai an nuna masa shafi nawa take karantawa a da, nawa take karantawa yanzu.