Lissafin jirgin ƙasa: gudu daban, isa daban

Duk wanda ya zauna bencin lakwal ya san tambayar nan ta jiragen ƙasa biyu da suka taso daga gari biyu, mushe yana son a faɗi lokacin da za su haɗu. Yara da yawa sun yi gumi a kanta alhali ba su taɓa ganin jirgi ba. Amma tambayar tana da amfani ga ɗan kasuwa fiye da yadda ake zato.

Ƙa'idar ɗaya ce: nisa shi ne gudu sau lokaci. Wanda ya san biyu daga cikin ukun nan zai fitar da na uku.

Mu ɗauki hanyar dogo ta Kwatano zuwa Faraku a ƙasar Benin, mai kilomita 438, wadda kayan Nijar suka yi shekaru suna bi. A ƙaddara jirgi ya bar Kwatano yana kilomita 40 a awa, wani ya bar Faraku a lokaci guda yana kilomita 33. Tun da suna fuskantar juna, kowace awa tazarar tana raguwa da kilomita 73. A raba 438 da 73, a sami awa 6. Za su haɗu a kilomita 240 daga Kwatano. A hanyar da layinta ɗaya ne, wajibi haɗuwar ta faɗo a tashar da ɗaya zai ratse ya ba ɗan'uwansa wuri. Kuskure a nan rayuka ne.

Inda manya ma suke zamewa shi ne matsakaicin gudu. Jirgi ya yi kilomita 120 da gudun 60, ya komo da gudun 40. Da yawa za su ce matsakaicin 50 ne. Zuwa awa 2, komowa awa 3, wato kilomita 240 cikin awa 5: amsar 48 ce. Tafiyar hawainiya ta fi cin lokaci, saboda haka ta fi nauyi a lissafi.

To ina ga tsayuwa? A ce kaya sun yi awa 12 a jirgi, sannan suka kwana biyu a Faraku suna jiran babbar mota. Kilomita 438 cikin awa 60 ke nan, kilomita 7 da ɗan ɗori a awa. Mai keke ya fi su.

A watan Fabrairu na 2021 aka aza harsashin hanyar dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284. In jirgi ya yi kilomita 100 a awa, tafiyar ba ta kai awa 3 ba. In kuwa tarago ya yi awa 24 a kan iyaka yana jiran takarda da hatimi, gudun kayan zai faɗo ƙasa da kilomita 11 a awa, kuma kuɗin ɗan kasuwa yana ɗaure a cikinsu.

Injiniya ke da gudun jirgi. Awoyin tsayuwa kuwa suna hannun ma'aikacin duwan da mai sa hannu a buro, kuma a lissafi awar teburinsu daidai take da awar kan dogo. Don haka alhazanmu, in an faɗa muku gudun jirgi, ku tambayi awa nawa kaya za su yi daga tasha zuwa ƙofar shago.