Na'urar hoton cikin kai: ƙarama muke jira

A asibiti akwai wata na'ura mai ɗaukar hoton cikin jikin mutum ba tare da an tsaga shi ba. Faransawa suna kiranta IRM, Ingilishi MRI. Ba irin hoton ƙashi ba ne da muke kira radiyo. Ita da maganaɗisu take aiki, tana bin ruwan da ke jiki, ta fito da ƙwaƙwalwa sarai.

Masana sun kasu hanya biyu wajen kyautata ta. Wasu girma suke nema: a 2024 aka nuna hotunan ƙwaƙwalwar mutum daga wata na'ura ta Faransa mai suna Iseult, wadda maganaɗisunta ya kai tan 132. Madalla da wannan, amma irinta tana son wutar lantarki marar yankewa da iskar heliyom mai tsananin sanyi. Ina mai aikin gishiri a Tegidda-n-Tesum zai gan ta? Kafin ya kai Ingal ma sai ya sha hanya, daga nan Agadas, daga Agadas zuwa Yamai kuwa tafiya ce ta fiye da kilomita 900. Mutumin da shanyewar jiki ta kama ba ya jure wannan.

Mu dai hanya ta biyu muka fi so. A 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da wata ƙaramar na'ura, Swoop, mai ƙafafun turawa, wadda ake jona ta a wutar ɗaki. An yi aiki da ita kan yara a asibitin Blantyre na Malawi. Kai kawai take dubawa, hotonta kuma bai kai na babbar haske ba. Masu kushe ta suna da gaskiya a nan. To amma jaririn da ruwa ya taru a kansa, ko yaron da sanƙarau ya bar wa lahani, hoto mai dishi-dishi a kusa ya fi musu amfani da tsararre a nesa.

Muna roƙon hukumomin lafiya, in za a saye, a fara da asibitocin jihohi irin na Agadas, a haɗa da faifan hasken rana. A kuma horar da ƴaƴanmu masu karanta hoton da masu gyara, tun kafin na'urar ta iso.

Wanda aka tura hoton IRM, ya faɗa wa likita in akwai ƙarfe a jikinsa, ya cire zobe da wuƙa, don maganaɗisun babbar na'ura yana fizgar ƙarfe da ƙarfi.