CD209: Mai Gadin Jiki Da Cututtuka Ke Yaudara Da Sukari

Galibin ƙwayoyin cuta da ke shiga jikin ɗan Adam suna sanye da riga, kuma rigar nan ta sukari ce. Wasu sarƙoƙi ne na dangin sukari, irin su manos da fukos, waɗanda ke lulluɓe bayan bakteriya da bairos da ƙwan tsutsotsi. Garkuwar jiki kuwa tana da masu gadi da ke shafa wannan riga su gane baƙo. Ɗaya daga cikinsu shi ne furotin da ake kira DC-SIGN, wanda umarnin ƙera shi ke rubuce cikin ƙwayar gado mai suna CD209, a kan kuromosom na 19.

Wannan furotin yana zaune ne a bayan wasu ƙwayoyin jiki masu rassa, waɗanda ke sintiri a cikin fata da hanji da hanyar haihuwa. Yakan tsaya huɗu-huɗu, kuma sai da taimakon kalsiyam yake iya damƙe sukari. Idan ya kama baƙo, ƙwayar sintirin takan haɗiye shi, ta farfasa, ta kai ɓurɓushinsa kaluluwa, inda take nuna wa fararen ƙwayoyin jini na rukunin T domin su shirya yaƙi.

An fara gano furotin ɗin a 1992 a cikin mabiyiya, aka lura yana manne wa rigar ƙwayar cutar ƙanjamau. A shekarar 2000 masana a ƙasar Holan suka raɗa masa sunan da yake da shi a yau, suka kuma nuna cewa ƙwayar ƙanjamau takan hau wannan mai gadi ne ya kai ta ga ƙwayoyin T, wato ainihin waɗanda take neman hallakawa. Daga nan sai asiri ya ci gaba da tonuwa. A 2002 aka ga bairos ɗin Ebola yana amfani da shi, a 2003 aka ga haka ga ƙwayar tarin fuka da ta zazzaɓin dengi, daga baya kuma ƙyanda da zazzaɓin Lassa. Hatta ƙwan tsutsar tsargiya yana da sukarin da yake kamawa. Ƙwayar tarin fuka ma kura ce da fatar akuya, domin gwaji ya nuna idan sukarinta ya taɓa DC-SIGN, ƙwayar sintiri takan fitar da sinadarin da ke sanyaya yaƙin garkuwa.

Ganin haka ne ya sa wasu ke ɗaukar CD209 a matsayin ƙofar cuta, har suna zaton cewa duba irin wadda mutum ya gada zai bayyana ko zai kamu da tarin fuka. Wannan zato gaggawa ce, kuma binciken da aka yi a Afirka shi ne shaida. Akwai wani gurbi a mafarin ƙwayar gadon, mai lamba -336, inda wasu mutane ke da harafin A, wasu kuma G, kuma bambancin yana shafar yawan furotin da ake ƙerawa. A 2006 wani bincike a Afirka ta Kudu ya danganta harafin A da kariya daga tarin fuka. A 2008 wani binciken da ya haɗa Gambiya da Gini da Gini Bisau da Malawi ya danganta kariyar da harafin G.

Saɓanin nan darasi ne babba. Tasirin harafi ɗaya ya dogara ga sauran ƙwayoyin gadon da ke kewaye da shi, da jinsin ƙwayar cutar da ke yawo a yankin, da abinci, da cunkoson ɗaki, da kasancewar ƙanjamau. Bugu da ƙari, al'ummomin Afirka sun fi na kowace nahiya bambancin gado a tsakaninsu, saboda haka abin da aka gani a wata al'umma ba lallai ne ya tabbata a Kano ko Damagaram ba. Duk da haka, wani nazari na 2019 ya nuna kusan kashi 78 cikin ɗari na mutanen da aka yi manyan binciken gado a kansu 'yan asalin Turai ne, 'yan asalin Afirka kuwa kimanin kashi 2 kacal.

Nijeriya tana cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi addaba a duniya, zazzaɓin Lassa kuma yakan ɓulla duk rani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ya kamata jami'o'in wannan yanki da asibitocin koyarwarsu su haɗa hannu su binciki CD209 da 'yan uwanta a cikin jama'arsu, da adadin mutane mai yawa, da yardar waɗanda aka ɗebi jininsu, tare da horar da ɗalibai kan ilimin sukarin jiki, wanda aka daɗe ana barin sa a baya.

Kafin wannan aiki ya kammala, kada maganar gado ta sa wani ya yi sakaci ko ya yanke ƙauna. Duk harafin da mutum ya gada, tarin da ya kai mako biyu yana bukatar gwajin majina, kuma tarin fuka na yau da kullum yana warkewa da maganin wata shida idan an sha shi har ƙarshe.